Aikin ƙugun Mama da ƙwayar asfirin

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa wa mahaifiyata ranar aikin ƙugu nan da mako uku. Kullum tana shan asfirin saboda ciwon zuciya. Maƙwabciyarmu ta ce in dakatar mata da shi kar jini ya ƙi tsayawa, wani mai kemis kuma ya ce in sayi safar matse ƙafa da allurar Clexane tun yanzu. Wanne zan bi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Maganar maƙwabciyarki akwai ƙamshin gaskiya, amma ba ita ke da hukuncin ba. Asfirin yana hana ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni manne wa juna, tasirinsa kuma yakan kai kwana 7 zuwa 10. Sai dai mai ciwon zuciya, musamman wanda aka sa wa ɗan ƙarfen buɗe jijiya, in ya daina sha da kansa jini na iya daskarewa ya toshe wurin. Sau da yawa likitoci kan bar ƙaramar ƙwayar nan mai 75mg har ranar aiki. Warfarin, wata ƙwayar tsinka jini, ita ce aka saba tsayarwa kwana 5 kafin a shiga, ita ma da umarni.

Ki tattara duk abin da Mama ke sha a leda ɗaya ki kai wa likitan da zai sa ta barci. Duka fa nake nufi: diclofenac da ibuprofen na ciwon gwiwa, ƙwayar tafarnuwa, man kifi, har jiƙon da take ɓoyewa a bayan gado. Tafarnuwar miya ba ta da laifi. In ciwo ya dame ta kafin ranar, farasitamol ya wadatar.

Clexane kuwa, allurar tsinka jini, ki riƙe kuɗinki tukuna. Gwargwadonta na bin nauyin mutum da lafiyar ƙodarsa, kuma in allurar kashe zafi ta baya za a yi wa Mama, lokacin yin Clexane ɗin ma sai an lissafa. Bayan irin wannan aiki akan ci gaba da maganin tsinka jini kusan wata guda, kin ga gara ki jira takardar likita.

Safar ma ba a sayenta da ido, sai an auna idon sawu da sha-raɓa. Kar a naɗe bakinta ƙasa, nan take za ta zama ɗauri. In Mama na da ciwon suga har ƙafa ta fara mutuwa, ko jini ba ya sauka ƙafa sosai, a tambaya kafin a sa.

Mu dai mun saba mara lafiya ya yi ta kwanciya 'yan dubiya na shiga suna fita, alhali kwanciyar ce ke tara gudan jini a ƙafa. Da zarar likitoci sun ce ta taka, ki kama ta ta taka. In kin ga sha-raɓa ɗaya ya kumbura ya yi zafi, ko numfashi ya fara yi mata wuya da ciwon ƙirji, ku koma asibiti a daren, kar ku jira gari ya waye.