Shin Motoci Za Su Iya Miƙa wa Juna Shirin Rediyo a Inda Ba Ya Kamawa?

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Ni direba ne mai yawan doguwar tafiya. Da zarar na shiga tsakanin duwatsu ko na gangara kwari, sai rediyo ta fara ƙara, can kuma ta ɗauke. Na ji an ce yanzu mota tana iya kamo shiri ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta miƙa gaba. Gaskiya ne? In haka ne, me ya hana a yi shi ko'ina?

AMSA: Barka kadai, Malam direba. Maganar tana da tushe, sai dai an gwama maka abu biyu. Muryar da kake saurare daban, bayanan da tasha ke ɗorawa a kan siginarta daban, kuma na biyun ne motoci za su iya yi wa juna dakonsa.

Tashoshin FM suna watsa shiri tsakanin megahaz 87.5 da 108, kuma siginarsu kusan a miƙe take tafiya. Dutse ya shiga tsakaninka da eriyar tasha, shi ke nan ya kare ka. Wani lokaci ma siginar takan bugi dutse ta dawo, eriyar motarka ta kama ta asali da wadda ta dawo a tare, su yi ta karo. Ƙarar nan da kake ji ke nan.

To, bayanan fa? Tun 1984 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fitar da tsarin RDS, wanda ke saƙa bayanai cikin siginar FM a kan kilohaz 57. Shi ke rubuta sunan tasha a fuskar rediyonka, shi ke gaya mata wata mitar da za ta koma idan wannan ta yi rauni, a ƙasashe da dama kuma shi ke kawo labarin cunkoso da haɗarin hanya. Gudunsa bit 1,187.5 ne kacal a daƙiƙa, wato saƙonnin ƙanana ne ƙwarai.

Ƙanƙantar nan ce ta sa abin zai yiwu. Mota tana kan tudu ta kama saƙo, ta ajiye, ta gangara da shi kwari, ta haɗu da wata ta miƙa mata, kamar dai yadda ake ba matafiyi saƙo ya isar. Ka ɗauka motoci biyu sun fuskanci juna, kowace tana gudun kilomita 100 a awa, na'urorinsu kuma suna jin juna daga nisan mita 300. Za su samu kusan daƙiƙa 11 kafin su rabu, wanda ya ishi saƙonni masu yawa su wuce. Motar da ke tahowa ta gabanka ma ta fi amfani, don daga inda za ka ta fito. Hanyar maganar akwai ta: Amurka ta ware wa motoci mitar gigahaz 5.9 a 1999, an amince da ƙa'idar sadarwa tsakanin motoci mai suna 802.11p a 2010, Volkswagen kuma ta sa irin wannan na'ura a motarta Golf ta 2019 domin gargaɗin haɗari. Dakon bayanai shi kansa tsohon abu ne. A 2003 tsarin DakNet ya riƙa kai imel ƙauyukan lardin Ratanakiri na Kambodiya a kan babura.

Murya kai tsaye kuwa sai an samu jerin motoci marar yankewa daga tudu har inda kake, alhali wuraren da rediyo ba ta kamawa su ne suka fi ƙarancin motoci, balle da dare. Sake watsa shiri a kan FM ba lasisi kuma laifi ne a yawancin ƙasashe. Maganin wannan ita ce kafaffiyar na'urar maimaita sigina a kan tudu, ko waya ta musamman mai fitar da sigina a tsawonta, irin wadda ake shimfiɗawa a hanyoyin cikin dutse.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. RDS ba ya tantance wanda ya aiko saƙo. A 2007 masu bincike biyu 'yan Italiya, Andrea Barisani da Daniele Bianco, sun nuna yadda ake cusa wa na'urar nuna hanya labarin ƙarya ta wannan kafa. Saƙon da zai bi ta hannun motoci biyar dole ya zo da sa hannun dijital na tashar da ta fitar da shi, da lokacin fitarsa, da lokacin da zai daina aiki. In ba haka ba, sai a juya direba daga hanyar da aka buɗe tun safe.

Kafin nan, ka sa a duba maka eriya da wayarta, don tsatsa a gindin eriya kan rage ƙarfin kamu sosai. Idan rediyonka na da maɓallin AF, wato mai sauya mita da kansa idan sigina ta yi rauni, ka kunna shi. Shirin da ba ka son ya wuce ka kuma, ka sauke shi a waya kafin ka kama hanya.