Kujerar da ba ta da ƙafafun baya

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni abin da ya sa kujerar ƙarfen nan da aka kawo gyara ba ta kifewa alhali ba ta da ƙafafun baya, da kuma abin da ya hana mu yanka bututu gunduwa-gunduwa mu haɗa da walda mu huta. Ajiye abin hannunka, ɗana, ka matso kusa da ita.

Bi ta da yatsa. Bututu ɗaya ne tun daga majingina: ya sauko ya zama mazauni, ya lanƙwashe a gwiwa ya zama ƙafar gaba, ya sake lanƙwashewa ya kwanta a ƙasa ya koma baya. Wannan na kwance shi ke hana ta kifewa, don nauyin mai zama a kansa yake sauka. Gwiwa kuwa ita ke shan wahalar duka. In an zauna ta ɗan ba da kai, in an tashi ta dawo. Wurin da aka yi wa walda ba ya jure wannan kai da komo, a gefen ɗinkin yake tsagewa. Ina sabon hannu na taɓa yin wannan ganganci, na yanka, na haɗa, na goge har ba a ganin tabo. Ba a yi wata uku ba ta zube da wani dattijo a gaban jama'a, kuma har yau abin yana damuna. Saboda haka sai bututu mai kauri, kamar milimita 2, a lanƙwasa shi da faɗi, kada gwiwar ta yi kaifi. In babu inji, a ɗura masa yashi a toshe baki biyu don kada ya lotse. Yashin kuma busasshe ƙarau, domin jiƙaƙƙe in ya ji wuta tururi yake yi, yana iya fashewa a fuskarka.

Mai irin wannan samfurin sunansa Marcel Breuer, Bayahude ɗan ƙasar Hangari, an haife shi a 1902. Almajiri ne kamarka a wata makarantar sana'a da zane a Jamus mai suna Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a 1919, har ya zama shugaban sashen kafintoci. Hannun kekensa ya duba, ya ga bututu lanƙwasasshe, mara nauyi, ga ƙarfi, sai ya yi kujera da shi a 1925. Samfurin wannan ta gabanmu, mai mazauni na saƙa, na 1928 ne. Amma a ba kowa haƙƙinsa: dabarar cire ƙafafun baya, wani ɗan Holan mai suna Mart Stam kotun Jamus ta ba wa.

'Yan Nazi, wato 'yan jam'iyyar Hitila, sun tsani makarantar. Sun kore ta daga garin Dessau a 1932, ta koma Balin, Hitila ya hau mulki a 1933, 'yan sanda suka garƙame ta, a shekarar ta mutu. Ka ƙaddara a ce gobe mun zo mun tarar da kwaɗo a ƙofar nan, ba bashi ake bin mu ba, hukuma ce kawai ta ce aikinmu da jinin wasunmu ba su yi mata ba. Gropius ya fice zuwa Landan a 1934, Breuer ya bi shi a 1935.

Nan ne Breuer ya fi burge ni. A Landan kamfanin Isokon da ya karɓe shi da filawud yake aiki. Bai tsaya kukan babu bututu ba. Ya nazarci yadda siraran katako ke lanƙwashewa in an jera su an manne da gam, ya fitar da doguwar kujerar kishingiɗa wadda har yanzu ake yin ta. A 1937 shi da Gropius suka wuce Amurka, suna koyarwa a jami'ar Harvard. Daga baya Breuer ya koma kan kankare, da hannunsa a ginin hedikwatar UNESCO a Faris, wanda aka buɗe a 1958. Shugaban Bauhaus na ƙarshe, Mies van der Rohe, a Shikago ya zauna, dogayen benaye na ƙarfe da gilas da kake gani a hotuna da yawansu sawunsa suka bi.

Abin ma ya ɗan taɓo mu. Baturen Ingila da ya yi tarayya da Gropius a Landan, Maxwell Fry, shi da matarsa Jane Drew suka zana gine-ginen farko na jami'ar Ibadan. In Allah ya kai ka, dubi bangon ɗakin karatunsu mai huji-huji, iska na ratsawa rana ba ta shiga.

Ita wannan ta gyara, gwiwarta ta hagu ta tsage, kuma ba za mu yi mata faci ba. Sabon bututu za mu lanƙwasa gaba ɗaya. Ka shanya yashi tun yau.