Amsa ga mai neman hanyar keke da babu mota a kewayen Damagaram

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka. Ka ce ka ga hotunan Turawa suna tafiyar kwanaki a kan keke ta bakin kogi da cikin kurmi, babu mota ko ɗaya, kana son ka san ko akwai irin wannan a wajenmu, don kai da abokanka biyu ku yi kwana biyu ko uku idan an ba da hutu. Na ga wasu sun mai da abin raha, har wani ya ce sai dai ka bi bakin kwata. Ni dai shekara 11 na yi ina malamin gona tsakanin Mirya da Matamaye, rabinsu a kan keke, don haka bari in gaya maka abin da ƙafata ta sani.

Hotunan da ka gani ba ƙarya ba ne. An taɓa tura mu kwas Faransa, wata Lahadi na ari keke na bi bakin kogin Luwar. Hanyar keken da ke bin kogin nan ta kai wajen kilomita 900, a Jamus da Ostiriya kuma akwai ta kogin Danub, daga Fasau zuwa Biyana, kilomita 320 da ɗan wani abu. Yawancinsu ba don keke aka fara yin su ba. Wasu hanyoyin dawaki ne da ke jan jiragen ruwa da igiya a zamanin da, wasu gaɓar da aka ɗaga ce don tare ambaliya, wasu kuma tsohon layin dogo ne da aka cire ƙarafansa aka shimfiɗa gudoro. Shi ya sa ba su da hawa da gangara sosai. Kuma ko a Luwar ɗin ba ko'ina ne babu mota ba, akwai wuraren da za ka haɗa hanya da motocin ƙauye.

Mu ba mu da kogin da ke gudu shekara zagaye a jihar Damagaram. Kogin Isa yana can Yamai, wajen kilomita 900 daga nan. Amma da na zauna na yi tunanin abin da ya sa tafiyar Luwar ta yi mini daɗi, ba ruwan ba ne. Inuwa ce, da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, da gari kusa da gari, da rashin kamiyo a bayanka yana maka oda. Duk waɗannan muna da su a hanyoyin amalanke. Matsalarmu ɗaya ce, yashi. Shi ne ya kori motoci daga hanyoyin nan, shi ne kuma zai sauke ka daga kan keke. Duk dabarar tafiyar ita ce sanin inda ƙasa take da tauri.

Ku fara da Mirya, kilomita 18 ce. Kada ku bi gudoro, babban titin nan na gabas tankoki da manyan kamiyo ne ke da shi, kuma gefensa ya zaizaye, babu inda za ka kauce. Ku fita da asuba ranar Lahadi, ranar kasuwarsu, ku bi sawun masu amalanke da masu jakuna. Sun fi kowace taswira ta waya sanin inda ƙafar dabba ba ta nutsewa. Idan kun isa ku shiga cikin garake, ku huta a gindin kuka, ku dawo da la'asar. Wanda ya dawo daga wannan yana ƙorafin cinya, to ya haƙura da sauran.

Ainihin abin da kake nema yana kudu, a kwarin Korama, wajen Kance da Dungu har zuwa Bande da Wacha. Ba kogi ba ne irin na hoto. Kwari ne mai faɗi, ruwa a kusa da ƙasa, wani wuri tabki, wani wuri fadama, ga rake, ga rogo, ga goruba da dabino da mangwaro. Ka fito daga tudu ƙura ta cika maka hanci, sai ka gangaro ka ji sanyi ya bugi fuskarka, ka ji ƙanshin ganyen albasa da aka yi wa ban ruwa. A nan na koyi darasin da nake ba kowa: kada ka bi tsakiyar kwari, laka da ramukan ban ruwa za su hana ka, kada kuma ka hau jigawa. Ka bi bakin fadama, daidai inda baƙar ƙasa ta haɗu da yashi. Akwai siririyar hanya a wurin kusan ko'ina, masu garka ne suka taka ta da ƙafa shekara da shekaru, ta yi tauri kamar daɓe.

Ranar da na ƙi bin wannan, na sha wuya. Na hango garin da zan je a kan tudu, na ce me zai sa in zagaya, sai na yanke. Tafiyar da ba ta kai kilomita 5 ba ta cinye mini daga hantsi har bayan azahar, ina tura keke, tsaidau ya huda mini shambur sau 4, ƙarangiya ta cika mini wando. Wani dattijo mai amalanken shanu ne ya ɗora ni da keken a kan buhunan gero. Bai ce mini komai ba sai da muka kusa gari, sannan ya tambaye ni ko a lakwal ba a koya mana cewa hanya ba ta lanƙwasa a banza ba.

Maganar kurmi kuwa, kada ka sa rai da duhuwar da rana ba ta ratsawa. Akwai gandun dajin Takeita, wajen kilomita 50 yamma da birni, sama da hekta 6,000, an keɓe shi tun zamanin Faransawa. Yawancinsa geza ce da sabara da itatuwa masu ƙaya, kuma ba a shiga sai an gai da masu kula da shi an nemi izini. Yana da kyau a gani sau ɗaya. Amma ni dajin da na fi so ba shi da shinge, shi ne gawon da ke cikin gonaki tsakanin Mirya, Matamaye da Magarya. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 wuraren nan sun yi fayau, daga baya manoma suka daina sare tohon da ke fitowa a gona, suka riƙa gyara shi yana girma. Yau ka yi tafiyar wuni kana fita daga inuwar wannan kana shiga ta wancan. Tsofaffi kuma suna ba da labarin cewa tun zamanin Sarki Tanimun sare gawo babban laifi ne a ƙasar Damagaram.

Gawon nan shi ne zai rikita maka lissafin lokaci. Da damina ruwa yana danne yashi, keke ya tafi kamar a kan siminti, amma a lokacin ne gawo yake zubar da ganye, ba inuwa, ga shuka ta matse hanya, ga sauro a fadama, ga korama tana iya kawo ruwa ba sallama. Da rani gawo ya yi luf, yashi kuma ya saki. Ni na fi zaɓar daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba: an yi girbi, ƙasa ba ta gama bushewa ba, rake ya nuna. Afrilu da Mayu kada ma ku yi tunaninsu, zafi yana wuce digiri 40. Ku lura da iskar hunturu, daga arewa maso gabas take zuwa kuma tana ƙaruwa da hantsi. In za ku Gidimuni ganin tabki da dabino, wajen kilomita 70 gabas, ku yi gabas da sassafe, ku bar iska ta turo ku a dawowa.

Keke ba sai mai tsada ba. Taya mai faɗi ita ce magana, siririyar tayar tsere yanka yashi take yi ta nutse. Ku rage iska kaɗan idan kun shiga yashi, ku ƙara idan kun fito. Ni nakan yanka tsohon shambur in shimfiɗa shi cikin taya saboda ƙaya, yana ƙara nauyi amma yana rage faci. Kowa ya riƙe shambur 2, da famfo, da kayan faci, da ruwa lita 5. Sarƙa kada a cika mata mai, ƙura take kamawa. Kilomita 35 zuwa 40 a wuni sun isa a irin wannan hanya, komai ƙuruciyarku.

In kun haɗu da garke a burtali, ku sauka ku tsaya gefe har ya wuce, shanu ba sa son ƙarar keke a bayansu, kare kuma ya fi bin mai gudu. Kowane gari za ku kwana, ku fara da ƙofar mai gari tun kafin magariba, ku faɗi daga inda kuka fito da inda za ku. Ban taɓa rasa tabarma a zaure ba, kuma shi zai haɗa ku da yaron da zai nuna muku mafitar gari da safe. Ku riƙe katin shaida, kada ku yi tafiyar dare, kuma kudu da Magarya ku tambayi halin da ake ciki kafin ku matsa kusa da iyaka.

Da ni ne ku, zan ɗora kekuna a motar Matamaye daga tasha, in sauka can, in kwana biyu ina bin bakin Korama gabas, in fito a Bande in hau motar Damagaram. Ku riƙe 'yan canji, don a Dungu ba za ku wuce mai rake ba ku tsaya ba.