Hannun amarya da gilaikolik asid

Toh ƙanwata, kin tambaye ni zancen amaryar nan da gaɓoɓin yatsunta suka yi baƙi, wai ko ki shafa mata gilaikolik asid mai kashi 30 ɗin da ta zo da shi tunda saura kwana biyar biki. A'a, don Allah kar ki fara.

Shi wannan asid ɗin ana samunsa a jikin rake, kuma cikin danginsa shi ya fi saurin ratsa fata, aikinsa ya saki matacciyar fatar sama ta zube. Wanda ake shafawa a kwana da shi kar ya wuce kashi 10, ni da 5 ko 7 nake fara wa kostoma, da daddare, sau biyu a sati. Mai 30 sai wadda ta ƙware, tana tsaye a kai ido na kan agogo, minti biyu zuwa uku ta wanke. Daga 50 zuwa 70 kuwa na likitan fata ne.

Kinga fatarmu in ta ƙone tabo baƙi take bari, wanda ya fi na farkon muni. Wata ta taɓa zuwa min an shafa mata a wani shago har aka ɗaure hannun da leda wai ya fi kamawa, bayan hannun nan ya yi ɓawo kamar ƙanzo, watanni tana ɓoye shi cikin mayafi, wallahi har yau abin na raina.

Kafin ki taɓa kowa ki juya hannun ki duba, in akwai kaushi ko tsagewar hunturu ko ciwo, ko tana kan man bilicin, ko ranar kika mata halawa da dilka, ki haƙura. In lafiya lau ne ɗiga kaɗan a cikin tsintsiyar hannu a jira kwana biyu. Ɗan tsikari ba komai, amma da ta ce raɗaɗi ki sheƙa ruwa mai yawa nan take.

Sai rana, nan ake yawan yin asara. Dole man kariyar rana mai SPF 30, wato lambar ƙarfin kariyar da ake rubutawa a jikinsa, duk safiya har sati guda bayan ta daina, kuma alwala da wanke-wanke suna cire shi sai ta riƙa maimaitawa.

Ita amaryar ki bi ta da man kaɗanya ki zana mata lalle mai kyau, bayan biki ta dawo mu fara da 5, zan tsaya kusa da ke.