Tambayoyinku: abincin gida na jariri daga wata tara zuwa shekara

Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato abin da za a zuba wa jariri a kwano bayan ya wuce matakin ɗanɗana cokali ɗaya ko biyu ya fara ci da gaske. Na zaɓi huɗu daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. 'Yata tana da wata tara. Tun da ta cika wata shida nake dafa mata abinci da kaina, kuma kayan lambun da nake amfani da su duk irin waɗanda ake kira oganik ne, wato waɗanda aka noma ba da takin zamani ko maganin ƙwari ba. Karas da kabewa da dankali da tuffa nake turarawa in markaɗa mata, tana kuma shan nono. Maigidana yana ganin tsadar kayan ta yi yawa, ni kuma ina tsoron in ba ta abin da aka yi wa feshi. Shin ina kan daidai, kuma abin da nake ba ta ya wadatar? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayoyi biyu kika yi, kuma ta biyun ce ta fi tsaya mini a rai, amma bari in fara da wadda ta jawo muku muhawara a gida.

Kalmar oganik bayani ce a kan yadda aka noma abu, ba ta faɗin yawan amfanin da ke cikinsa. A shekarar 2012 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun tattara bincike sama da 200 da aka yi a kan wannan batu, kuma ba su sami hujja mai ƙarfi cewa abincin oganik ya fi sauran gina jiki ba. Abin da suka tabbatar shi ne ragowar maganin ƙwari ta fi ƙaranci a jikinsa. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da rahoto mai kama da haka, inda ta fi ba da muhimmanci ga yara su riƙa cin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da yawa, ko ta wace hanya aka noma su. Saboda haka tsoronki yana da tushe, ƙorafin maigida ma yana da nasa. A ganina, idan hali bai kai a sayi komai oganik ba, sai a ware kuɗin ga abubuwan da ake ci da fatarsu, irin su tuffa da inabi da ganye, a bar masu kaurin ɓawo kamar ayaba da fiya da kabewa, tun da ɓawon zubarwa za a yi. Ko wanne kika saya, ki wanke shi a ƙarƙashin ruwa mai gudu kina murzawa da hannu, ba tare da sabulu ba. Na oganik ɗin bai tsira daga wannan ba, domin sau da yawa da takin dabbobi ake noma shi, kuma takin dabbobi yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta.

Yanzu ki duba kwanon 'yarki da kyau. Duk abubuwan nan huɗu da kika lissafa masu zaƙi ne, masu laushi, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da sinadarin ayon mai yawa, wato ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar wannan sinadari, amma ajiyar takan fara ƙarewa wajen wata shida, nonon uwa kuma duk da falalarsa ba ya ɗauke da shi da yawa. Bisa ma'aunin da ake bi a Amurka, jariri mai wata 7 zuwa 12 yana buƙatar miligiram 11 na ayon a rana, alhali namiji baligi miligiram 8 yake buƙata. Ki kwatanta girman cikin su biyun, za ki ga dalilin da ya sa ba a cika wa jariri tumbi da karas zalla, ko da kuwa a gonar da ta fi kowace tsafta aka noma shi. Ƙarancin ayon yana kawo ƙarancin jini, yana kuma iya taɓa bunƙasar ƙwaƙwalwa a daidai lokacin da take girma da sauri.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a riƙa ba yaro mai wata 6 zuwa 23 nama ko kifi ko ƙwai kowace rana. Ki dafa naman ba gishiri har sai ya fara wargajewa da kansa, ki yayyage shi ƙanana ki haɗa da dankalin da ta saba da shi, ki sassauta da ɗan romon. Kifi kuwa ki murtsuke shi tsakanin yatsunki kafin ya shiga kwano, domin yatsa yana gano ƙayar da ido bai gani ba. Wake da adas, wato wani irin ƙaramin wake mai faɗi, su dahu lugub. Hanta tana da ayon sosai, amma kaɗan ake bayarwa, ba fiye da sau ɗaya a mako ba, saboda yawan bitamin A da ke cikinta. Ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na mai a abincin don ya ƙara mata kuzari, sannan ki biyo da abu mai bitamin C kamar lemu ko mangwaro ko tumatir, domin yana taimaka wa hanji tsotsar ayon ɗin da ke cikin wake da ganye. Shayi akasin haka yake yi, don haka ba na jariri ba ne. A wata tara ana so ta ci sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu idan ta nema, nono kuma ya ci gaba.

TAMBAYA: Malama, ni ma'aikaciya ce, ranar hutu kaɗai nake samun sukunin girki. Zan iya dafa wa ɗana mai wata goma abincin mako guda in ajiye? Shinkafa ya fi so, kuma ta oganik nake saya masa. Daga wata mai karatu.

AMSA: Za ki iya, 'yar'uwa, matuƙar firiza ce za ta riƙe mafi yawansa. Abincin jariri da aka dafa a gida ba ya wuce kwana biyu a firji, kuma firjin ya kasance a digiri 5 na ma'aunin Celsius ko ƙasa da haka. Abin da zai wuce kwana biyu a daskarar da shi tun ranar da aka dafa. Kada ki bar tukunya a kan murhu ta huce da kanta har yamma. Ki juye abincin a faranti mai faɗi ko ki tsoma mazubin a ruwan sanyi, ya shiga firji ko firiza kafin awa biyu. Farantin yin ƙanƙara yana da amfani a nan: ki cika gurabensa, idan sun daskare ki ɓalle su ki zuba a leda mai tsafta, ki rubuta sunan abincin da kwanan wata, domin bayan mako biyu kabewa da karas da dankali duk kama ɗaya suke yi. Ki yi ƙoƙari ya ƙare cikin wata ɗaya zuwa uku.

Wajen ɗumamawa, sau ɗaya kawai ake yi, kuma sai ya yi zafi har tururi ya tashi daga tsakiyarsa, sannan a juya a bar shi ya huce a gwada a bayan hannu. Wanda zai ba shi abincin a bayanki ya san cewa duk abin da cokalin bakin yaro ya shiga ba ya komawa firji, domin yawu ya riga ya shigar da ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ɗiba kaɗan-kaɗan ya fi.

Shinkafa tana da nata sharuɗɗa biyu. Na farko, akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta, kuma idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumin ɗaki sai ta farfaɗo ta saki gubar da ɗumamawa ba ta lalatawa. Saboda haka a sanyaya ta cikin awa ɗaya, a kuma ci ta cikin kwana ɗaya idan a firji take. Na biyu, shinkafa tana tsotsar wani sinadari mai guba da ake kira arsenik daga ƙasa da ruwan da aka noma ta fiye da sauran hatsi, kuma noman oganik bai kawar da wannan ba, tun da daga ƙasar yake fitowa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana cewa dafa ta cikin ruwa mai yawa, kashi 6 zuwa 10 na ruwa ga kashi 1 na shinkafa, a tsiyaye ragowar, yana rage arsenik ɗin da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ba na cewa ki raba shi da abin da yake so, amma ki riƙa sauya masa da wasu hatsi da dankali, kada ta zama abincinsa na safe da rana da dare.

TAMBAYA: Malama, mahaifiyata ta ɗanɗana abincin da matata ke yi wa ɗanmu mai wata takwas, ta ce salam yake, a sa masa ɗan gishiri da zuma. Zumar tsantsa ce, ta oganik. Ko akwai illa? Daga wani uba.

AMSA: Akwai, Malam, kuma ta zumar ta fi tsanani. Ba a ba yaron da bai cika wata 12 ba zuma, ko ɗigo ɗaya, ko a cikin dafaffen abinci. Zuma tana iya ɗaukar irin ƙwayar cutar botulizim, wadda hanjin babba ke iya murƙushewa amma na jariri bai kai ba, sai ta yaɗu a cikinsa ta saki guba mai kashe ƙarfin jijiyoyi, yaro ya kasa tsotso, kukansa ya raunana, wani lokaci har numfashi ya gagara. Tsantsar zumar ba kariya ba ce, tafasawa ma ba ta kashe irin. Gishiri kuwa, hukumar lafiya ta Ingila ta ce abin da jariri ɗan ƙasa da shekara zai samu a rana kada ya kai giram 1, kuma nono da abinci sun riga sun ba shi kusan wannan, ƙodarsa ba ta iya ɗaukar ƙari. Dunƙulen ɗanɗano ma yana cikin hanin, domin gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Abincin salam yake a harshen Hajiya saboda harshenta ya saba da gishiri shekara da shekaru, shi kuwa jikanta bai san da shi ba balle ya nema. A lallaɓa ta da girmamawa, a nuna mata cewa albasa da tafarnuwa da tumatir suna ba abincin ƙamshi, sannan idan tukunyar gida ake dafawa a ɗebi rabon yaron kafin a sa gishiri da barkono.

TAMBAYA: Malama, ɗana ya shiga wata goma amma da ya ji gudaji a abinci sai ya yi ta kakari kamar zai yi amai, don haka na koma markaɗa masa komai a bilenda. Haƙoransa biyu ne kawai. Kuma har yanzu ban ba shi ƙwai ko gyaɗa ba don tsoron alaji, wato rashin jituwar jiki da wani abinci. Daga wata uwa.

AMSA: Ki ajiye bilendar nan a hankali, 'yar'uwa. Wani dogon bincike da aka yi a kan dubban yara a Ingila ya nuna cewa waɗanda ba a fara ba su abinci mai gudaji ba sai bayan wata tara zuwa goma sun fi zama masu wahalar ci da tsirfa ko da sun kai shekara bakwai. Tauna koyonta ake yi, kuma dasashi yana da ƙarfin da zai dagargaza duk abin da ke murƙushewa tsakanin babban yatsanki da manuniya, wanda shi ne gwajin da za ki riƙa yi. Ki fara da murƙushewa da cokali mai yatsu, sannan ki miƙa masa dafaffen karas ko dankali da aka yanka tsawon yatsa ya riƙe da kansa. Zai ɓata jikinsa da ƙasa, wannan ba komai ba ne.

Kakari daban, shaƙewa daban. Mai kakari yana da sauti, fuskarsa takan yi ja, idonsa ya kawo ruwa, ya turo harshe abincin ya dawo gaba. Jikinsa ne ke kare shi, kuma abin yana raguwa da sabo. Wanda ya shaƙe shiru yake yi, ba kuka ba tari, leɓensa ya fara sauya launi, kuma wannan yana buƙatar agajin gaggawa, shi ya sa ya dace duk mai renon jariri ya koyi taimakon farko daga ma'aikacin lafiya. Ɗanki ya riƙa ci a zaune tsaf, kina gabansa. Inabi a tsaga shi huɗu ta tsawo, ɗanyen karas da ɗanyar tuffa a dafa ko a goga, ƙwayar gyaɗa da makamantanta kuwa sai ya kai shekara 5.

Game da alaji, jinkirin ba ya karewa. Binciken da aka buga a 2015 a kan jarirai masu haɗarin kamuwa ya gano cewa waɗanda aka fara ba su gyaɗa tun suna ƙanana sun sami raguwar alajinta da kusan kashi 80 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda aka hana. Idan ɗanki yana da ƙyasbi ko ƙaiƙayin fata mai tsanani, ko ya taɓa nuna alaji ga wani abinci, ki fara ganin likita. Idan babu, ki dafa ƙwai ya dahu sosai ki ba shi kaɗan da safe, lokacin da za ki iya sa masa ido tsawon yini, kina lura da kumburin leɓe ko fuska, ƙuraje, amai ko wahalar numfashi. Bayan kwana biyu ko uku sai ki gwada gyaɗa: niƙaƙƙiya mai santsi, kan ƙaramin cokali, a sassauta ta da ruwan ɗumi a gauraya cikin abincin da ya saba. Idan ya karɓa lafiya, ki ci gaba da ba shi duk mako.