Amsa ga Maman Sadiƙ kan maganin raɗaɗin da aka rubuta wa maigidanta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ke cikin wannan zaure, ina kuma yi wa Maman Sadiƙ sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Na saurari muryarki tun da safe, na karanta amsoshin da 'yan'uwa suka bayar, sai na ga maganar ta fi ƙarfin rubutu da yatsa, don haka ku yi haƙuri da tsawon wannan murya.

Saboda waɗanda ba su ji ba, maigidanta ya karye a ƙashin cinya a hatsarin mota a hanyar Apapa, aka yi masa tiyata aka sa ƙarfe, sannan aka sallame shi da tramadol na mako biyu. Yanzu maganin ya kusa ƙarewa, shi yana cewa a je kemis a ƙaro masa, surukarta kuma tana kiran waya daga gida tana cewa a zubar da wanda ya rage, domin ƙwayar 'yan shaye-shaye ce. Haka amsoshin zauren nan ma suka rabu gida biyu. Ni shawarata, ƙanwata, kada ki zubar kuma kada ki ƙaro. Ki mayar da shi gaban likitan da ya rubuta maganin tun kafin na hannu ya ƙare, ku tambaye shi ranar da za a daina da kuma yadda za a daina, domin wannan ita ce tambayar da yawancinmu ba mu san ana yi ba.

Ba daga littafi nake wannan magana ba. Wasu daga cikinku za su tuna lokacin da na faɗo daga kan achaba a nan Agege, tun kafin gwamnatin Legas ta tsananta dokar hana achaba a 2020 da 2022, na karye a ƙugu. Wanda bai taɓa karaya a babban ƙashi ba yakan ɗauka ciwo ne kamar sauran ciwuka, alhali raɗaɗi ne da ke hana mutum tari, ya hana shi juyi a kan gado, ya sa ya riƙa jin tsoron hannun mai gyara masa zani. A kwanakin farko allurar penta, wata allurar kashe raɗaɗi mai ƙarfi, ake yi mini a asibiti, daga baya aka mayar da ni kan tramadol mai miligiram 50 tare da farasitamol. Wallahi da babu wannan magani da ban iya tsayuwa a gaban masu gashin ƙashi ba, kuma su ne suka faɗa mini cewa wanda ya daɗe kwance gaɓoɓinsa kan sandare, jini ma kan iya daskarewa a jijiyar ƙafarsa. Saboda haka ki faɗa wa surukarki Hajiya Babba, cikin ladabi, cewa ɗanta bai zama ɗan ƙwaya ba don ya sha abin da likita ya auna masa bayan an tsaga cinyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun a 1986 ta fitar da tsarin hawa uku na maganin raɗaɗi, wanda aka fara yi domin masu ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, idan bai wadatar ba a hau zuwa dangin kodin, inda yanzu ake lissafa tramadol, idan abin ya tsananta a kai ga mofin. Magani ne da ke da gurbinsa a asibiti.

Amma ba zan ɓoye miki abin da yake yi wa jiki ba. Na sha fama da bushewar ciki har ina tsoron shiga bayi, ga tashin zuciya da jiri, ga wani nauyin kai da ke sa mutum ya ji kamar daga nesa ake yi masa magana. Abin da ya fi damuna shi ne salla. A zaune nake yi a kan kujera, sai in ɗaga kai daga ishara ta sujada in rasa ko raka'a ta biyu nake ko ta uku, har sai da na sa 'yata ta riƙa zama kusa da ni tana ƙirga mini. Idan kin ga maigida yana irin wannan mantuwa ko yawan gyangyaɗi, ki rubuta ki faɗa wa likita, kuma ki yawaita ba shi ruwa da ganye da gwanda saboda cikin.

Ciwona ya ɗauki watanni, domin ɗingishi ya jawo mini ciwon baya, aka ci gaba da rubuta mini maganin duk lokacin da na koma. Wata Juma'a ya ƙare, ranar ganin likita kuma ba ta zo ba, na ce ai ƙafar ta yi sauƙi, zan iya jira. Kafin wayewar garin Asabar hamma ta kama ni ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina suna zuba, gumi yana karyo mini alhali ina jin sanyi, ciki ya ɓaci, ƙafafuwana kuma suka ƙi zama wuri ɗaya, na kwana ina murza su a kan katifa. Duk gidan suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi gwaji ba a ga komai ba. Da muka je asibiti tambaya ɗaya likitan ya yi mini, wato yaushe rabona da tramadol. Shi ya bayyana mini cewa duk wanda ya sha irin wannan magani kullum na wasu makonni jikinsa kan saba da shi, ko da liman ne, ko da bai taɓa ƙara ƙwaya ɗaya a kan ƙa'ida ba, kuma idan aka yanke shi rana ɗaya jiki sai ya yi bore. Ya ce mai saukowa daga bene matakala yake bi, ba ya dirowa ta taga. Haka aka riƙa rage mini kaɗan-kaɗan, ana ƙara tazara tsakanin sha da sha, har na rabu da shi ba tare da wannan wahala ta dawo ba. Wannan ne dalilin da ya sa na ce kada a zubar. Mako biyu ba watanni ba ne, mai yiwuwa shi ba zai ji abin da na ji ba, amma likita ne zai yanke wannan, ba mu ba.

Sabawar jiki da magani daban, kamuwa da jarabarsa kuma daban, kuma ke da kike kwana ɗaki ɗaya da shi za ki riga kowa ganin bambancin. Idan ya fara duba agogo yana neman a ba shi kafin lokaci, ko ya ce ɗaya ba ta yi masa sai biyu, ko ya nemi maganin don ya yi barci ko don ransa ya ɓaci ba don ƙafar ba, ko ya aiki yaro a ɓoye, to maganar ta fara sauya salo. Kada ki yi masa gori ranar da kika ga haka. Namiji mai neman na kansa da aka kwantar, yana kallon kuɗin haya da na makaranta suna taruwa, ba raɗaɗin ƙashi kaɗai yake ji ba, kuma wannan ƙwaya tana kwantar da damuwa na ɗan lokaci, ta nan take kama mutanen kirki.

Sai batun kemis, wanda shi ya fi tayar mini da hankali. Hukumar NAFDAC tramadol mai miligiram 50 da mai 100 ta amince da su, amma abin da ke yawo a tasha da lungunan kasuwa mai 200 ne da 225 da 250, waɗanda fasa-ƙwaurinsu ake yi, ba wanda zai rantse miki da abin da ke ciki. Ko a asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, kin ga mai 225 guda biyu sun riga sun tsallake iyaka. Yawansa kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yin ta ba. Da idona na ga wani yaro ɗan dako a Mile 12, yana ɗauke da kwandon tumatir, ya yanke jiki ya faɗi yana kumfa, mutane suna ta tofa masa addu'a ana cewa iska ce, sai da aka laluba aljihunsa neman lambar 'yan'uwansa aka ga katin ƙwayar. Abokan aikinsa suka ce ciwon baya ne ya fara kai shi gare ta. A 2022 hukumar NDLEA, ƙarƙashin Buba Marwa wanda ya taɓa mulkin Legas a zamanin soja, ta kama ƙwayar tramadol sama da miliyan 13 a wani gida a Lekki. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba, kuma a shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Cikin wannan kasuwa za ki tura yaro da kuɗi ya sayo wa uban 'ya'yanki magani.

Akwai kuma wani dalili da ban ga kowa ya ambata ba. Raɗaɗin tiyata raguwa yake yi da kwanaki. Idan bayan mako biyu ciwon maigida ƙaruwa yake yi, musamman idan akwai zazzaɓi, ko kumburi, ko wurin ɗinkin ya yi ja yana fitar da ruwa, to ba ƙarin ƙwaya yake buƙata ba, dubawa yake buƙata, domin ƙwayar cuta kan shiga wurin ƙarfe, ƙarfen ma kan goce. Ƙwayar kemis za ta rufe bakin ciwon ne kawai ya ci gaba da ɓarna a ciki. Idan likitansa bai samu ba, ga asibitin ƙashi na Igbobi nan a kan hanyar Ikorodu, aikinsu ke nan. Kuma don Allah, ina girmama masu ɗori, amma ƙafar da aka sa wa ƙarfe ba a kai musu su ja.

Wata 'yar'uwa ta ce a mayar da shi kan diclofenac tunda shi ba ya sa maye. Gaskiya ne ba ya sa maye, amma shi da ibuprofen suna cin ciki har su jawo gyambo, suna kuma taɓa ƙoda idan aka daɗe a kansu, balle ga mai hawan jini ko olsa. Farasitamol ma da muke raina shi, wuce giram 4 a yini yana lalata hanta. Su ma likita ne zai ce ga wanda ya dace da shi.

Kafin ku koma asibiti, ki karɓi maganin ya zama a hannunki, ki kulle shi inda yara da samarin gida ba za su kai ba, ki riƙa rubuta lokacin da kika ba shi a bayan kwalin. Kada a haɗa shi da maganin barci irin su baliyam, ko maganin tari mai kodin, ko wani abin sa maye, domin haɗuwarsu ce ke danne numfashi, kuma idan yana shan wani magani na damuwa ko na farfaɗiya lallai likita ya sani. Ranar da kika ga barcinsa ya yi nauyi har kina jijjiga shi ba ya farkawa, numfashinsa yana fita jefi-jefi, leɓɓansa sun canja launi, kada ki tsaya shafa ruwa ko kiran maƙwabta, ku nufi asibiti mafi kusa, akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin irin waɗannan magunguna. Tuƙi kuwa ba maganarsa ake yi ba sai ya rabu da maganin gaba ɗaya.

Tunda zauren namu yana da iyayen masu sikila, bari in ɗan taɓa nasu, domin abin ɗaya ne. Na yi jinyar 'yar ƙanwata, na ga yadda ciwon ke murɗe ta tana kuka, wasu kuma suna kallonta da zargin allura kawai take so. Wannan zalunci ne, mai sikila idan ya ce yana jin ciwo a yarda da shi a ba shi magani. Amma na kuma ga wata budurwa da aka koya wa yi wa kanta allurar penta a gida don gudun layin asibiti, cinyoyinta suka yi tauri kamar itace, gyambo ya fito ya ƙi warkewa, har tafiya ta gagare ta. Allurar nan a hannun ma'aikatan asibiti ya kamata ta tsaya.

Idan kuma akwai wadda ke saurarena a cikinmu, ita ko mijinta ko ɗanta abin ya riga ya wuce sabawar jiki da magani, kada kunya ta sa a ɗaure mutum a ɗaki a ce ya daina da ƙarfin tsiya, domin yankewa haka kan jefa shi cikin wahalar da za ta mayar da shi ga ƙwayar. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen masu fama da shaye-shaye, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, ko da yake na san yadda mutanen Legas ke tsokana da sunan wurin. Ga kuma LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba, a tsakiyar mutanenmu. Wadda ba ta son magana a zaure ta kira ni ni kaɗai.

Maman Sadiƙ, ki duba katinsa ki ga ranar da aka ba ku, idan ta yi nisa ki kira su a matso da ita. Idan babu mai zama da yara ki kawo mini su, ko kuma ni in raka ku, tunda na san yadda ake shigar da mai karaya mota ba tare da an fama masa ba. Ki gaishe da maigida da jiki, ki kuma gaishe mini da Hajiya Babba idan ta sake kira. Wassalamu alaikum.