Tambaya da Amsa: Me Ya Sa "Llevar" Ba Kullum Take Nufin "Carry" Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shafin labarin wasanni a Facebook wanda matasan Gombe ke bi, musamman 'yan gidajen kallon ƙwallo. Ina ɗauko labarai daga jaridun Sifaniya irin su Marca da AS, in mayar da su Turanci, sannan in juya su Hausa. Kalmar da ta hana ni sakat ita ce "llevar". Ƙamus ya ce "carry", amma sai in ga "lleva diez goles", in fassara ta fito wai ɗan wasa yana ɗauke da ƙwallaye goma. Ina mafita?
— Mai karatu daga Pantami, Gombe

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, ma'anar farko kawai ya ba ka. Ka tuna da namu "ci". Wanda ya ci tuwo, da wanda ya ci jarrabawa, da wanda ya ci bashi, da wanda ya ci amana, duk "ci" suka yi, amma Bature zai buƙaci kalma huɗu daban-daban kafin ya faɗe su. Haka "llevar" take, wadda ake furtawa kamar "yebar". Ma'anarta tana hannun kalmomin da ke kewaye da ita, don haka su za ka fara dubawa.

Idan abin da ya biyo bayanta adadi ne na ƙwallaye ko wasanni, lissafi ake yi na abin da aka tara zuwa yanzu. "Lleva diez goles" a Turanci shi ne "he has scored ten goals so far". "Lleva tres partidos sin marcar" kuwa "he has gone three games without scoring". A nan Hausa ta fi Turanci kusa da Sifaniyanci, domin aikatau ɗinmu "kai" yana yin irin wannan aikin: ka kai yaro makaranta, ɗan wasa kuma ya kai wasa uku bai zura ƙwallo ba.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne lokacin da aka haɗa ta da tsawon lokaci da wani aikatau mai ƙarewa da -ando ko -iendo. Ɗauki "lleva cinco años jugando en el Madrid". Sifaniyanci ya sa jimlar a lokacin yanzu, sai mai fassara ya bi sahu ya rubuta "he is playing for five years", wanda kuskure ne a Turanci. Abin da aka fara tun baya kuma ake kan yi, Turanci da "has been" yake faɗinsa: "he has been playing for Madrid for five years". A Hausa, shekararsa biyar ke nan yana taka leda a Madrid. Ka lura, "llevar" ta ɓace gaba ɗaya a fassarar, kuma hakan ne daidai.

In riga ce ko lamba ta biyo baya, "wear" ce: "lleva el 9", yana sanye da lamba 9.

Sai wadda za ta iya juya maka teburin gasa ƙasa a sama. A misali, "el Barça le lleva cuatro puntos al Madrid" na nufin "Barça are four points ahead of Madrid". Wanda "a" ko "al" ya zo gaban sunansa shi ne na baya, ko da an sako sunan nasa a farkon jimla, abin da 'yan jaridar Sifaniya ke yawan yi. Ka nemi wannan ɗan harafin kafin ka sanar da mabiyanka wanda ke kan gaba. Da wannan ginin ake faɗin tazarar shekaru ma: "me lleva dos años", ya girme ni da shekara biyu.

In ka ga "se" a gabanta, lissafi ya sake. "Se llevó los tres puntos" shi ne "came away with the three points". "Se llevó un golpe" shi ne "he took a knock", wato ya bugu. "Se lleva bien con el entrenador" kuwa "he gets on well with the coach", suna ɗasawa da koci.

Ka kuma kula da ɗan karan da ke bisa wasali. "Llevo" ni ne, a yanzu; "llevó" shi ne ko ita, a baya. Masu rubutu a waya sukan yar da karan, sai manhajar fassara ta rikice. Kada ka zuba wa manhaja kalma ɗaya tilo ko guntun kanun labari, ka ba ta cikakkiyar jimla tare da wadda ta gabace ta. Don tabbatarwa, akwai ƙamus na Real Academia Española, cibiyar kula da harshen da aka kafa a Madrid a 1713, kyauta a intanet. Ka nemi asalin kalmar, "llevar", za ka ga ma'anonin a jere da lamba, waɗanda aka yi wa alamar "prnl." su ne masu tafiya da "se". Shawararmu kuma, da zarar ka gane jimlar, ka juya ta Hausa kai tsaye, saboda kowane zango da ka ƙara wani abu na zubewa a hanya.

TAMBAYA: Malam, ina koyon Sifaniyanci ta waya. "Esperar" jira ne ko fata?
— Wata ɗaliba daga Tudun Wada, Gombe

AMSA: Malama, duka biyun ne, har da na uku, tsammani. Turanci ya raba su kamar yadda Hausa ta raba: "wait", "hope", "expect". "Espero el autobús" jira ne, "I am waiting for the bus". Ki lura Turanci na buƙatar "for" a inda Sifaniyanci bai sa komai ba. "Espero que venga" fata ne, "I hope he comes". Amma ki saka "a" a tsakiya, "espero a que venga", ya koma jira: "I am waiting for him to come", ina nan har ya zo. "No me lo esperaba" kuwa tsammani ne, "I didn't expect it", ban zata ba. Idan kuma kika ji an ce mace "está esperando un bebé", juna biyu gare ta, Turancinsa "she is expecting a baby".